Gidan abincin 'yan Pakistan a layin Hillcroft: karahinsu ya yi, amma a duba rasit kafin a sa hannu

Assalamu alaikum jama'a. Tun satin da ya wuce nake ta son in zauna in rubuta wannan, saboda duk wanda ya zo Houston ta Amurka daga gida, ko ganin likita ko kawo yaro makaranta, kwana biyu da sauka sai ya kira ni yace don Allah ina ake samun abinci halal mai nauyi wanda mutum zai ci ya san ya ci, ya gaji da burodi da cuku. To akwai wani gidan abinci na 'yan Pakistan a layin Hillcroft, wajen nan da shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan suka yi yawa, na je sau uku yanzu kuma ina ganin na isa in faɗi abin da na gani. Ba zan kama suna ba, don akwai ƙorafin da zan yi a gaba kuma ba na son in taɓa abincin mutane, sannan abin da zan faɗa kan rasit ɗin kusan haka za ka tarar a gidajen abinci da yawa a garin nan.

Zuwan da ya sa na yi rubutun nan shi ne na biyu, ranar wata Asabar bayan magariba. Kawuna ne ya zo daga Katsina a duba masa lafiya, shi da Hajiya da ɗansu da ya rako su, sai ni da maiɗakina, sai abokina da matarsa, mu bakwai kenan. Wajen fakin a cike maƙil, sai da muka zagaya sau biyu, mun shiga kuma aka ce mu jira, mun kai minti 25 a tsaye bakin ƙofa. Wannan kam ban ji daɗinsa ba don Kawu ba ya jure tsayuwa, kujerun jira guda uku ne kacal, sai da wani dattijo ɗan Pakistan ya ta da jikansa ya ba shi wuri, Allah ya saka masa. In za ku je da manya ku je tsakiyar sati, ko ku buga waya tukuna.

Amma fa da aka zaunar da mu aka fara sauke abinci, duk wahalar tsayuwar ta wuce. Karahin naman akuya muka fara da shi, ana kawo shi ne cikin baƙin kaskon ƙarfen da aka dafa shi, yana zuwa teburi yana tafasa yana ƙara, man ya taso ya kwanta a gefe, an yanka ɗanyar citta siri-siri an watsa a sama da koren barkono. Naman ya dahu har yana sakin ƙashi amma bai dagargaje ba, tumatir ɗin ya soyu sosai babu tsamin nan na tumatirin da aka yi wa gaggawa. Burodinsu da suke ce wa naan kuwa, daga inda muka zauna ana hango mai gashin ta wani gilashi, yana mulmula ƙullu ya shimfiɗa a kan wani ɗan matashi ya zura hannu ya manna a jikin tanderu, minti biyu ya jawo da ƙugiya. Hajiya tana gani tace a'a wannan ai gurasa ce, kuma gaskiyarta, tanderun ma irin na masu gurasar Kano ne sai dai nasu ya fi zurfi. Tana zuwa da zafinta, ƙasan ya ɗan ƙone baƙi-baƙi, an shafa man shanu. Mun yi oda huɗu, muka ƙara huɗu, muka sake ƙara biyu.

Biriyanin ba laifi, shinkafar doguwa ce warwar babu caɓewa, amma kazar ciki ta ɗan bushe, na ci wanda ya fi shi a wani wajen. Kebab ɗin niƙaƙƙen nama ya yi gishiri da yawa a bakina. Nihari kuma, wani farfesun naman sa ne mai kauri da ake barinsa a wuta awanni, shi ne abin da Kawu ya fi yabawa, yace rabon da ya ci abin da ya tuna masa da farfesun ƙafar sa na gida tun da ya baro Katsina. Shayin madara a ƙarshe kauri gare shi ga ƙamshin kayan ƙamshi, irin wanda mai shayi ya san aikinsa.

Yanzu ga wadda ta yi mana sabis, don rabin maganata a kanta take. Wata yarinya ce ba za ta wuce shekara 22 ba, tace ɗaliba ce da rana. Tebur shida na ƙirga tana riƙe da su ita kaɗai a ɓangarenmu. Da na gaya mata Kawu yana da hawan jini da siga, ba ta ce to kawai ta wuce ba, sai da ta tsaya ta nuna mana a menu wanda ake dafawa nan take za a iya rage gishiri da wanda an riga an dafa tun rana ba yadda za a yi, tace kar ya taɓa kebab, ta shiga kicin ta sa aka yi masa ƙaramin karahi daban, shayinsa ma babu siga ta kawo shi a kofi mai wata kala daban don kar a rikita. Ɗan Kawu ya ture kofin lassi, wani abin shansu na kindirmo, ya malale a teburi har cinyar Hajiya, kafin mu ce wani abu ta iso da tawul, ta share, ta canza faranti biyu, ta kawo wani lassin, fuskarta ko ɗaurewa ba ta yi ba. Ni dai na lura da ƙafarta, takalmin roba ne baƙi duk ya sha jiki, kuma awa biyun da muka yi a wajen ban ga ta zauna ko sau ɗaya ba.

Sai aka kawo bil. Abinci dala 186, haraji dala 15 da senti 35 don harajin saye a Houston kashi 8.25 ne cikin 100, sai wani layi can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta gratuity kashi 18, dala 33 da senti 48. Jimla dala 234 da senti 83. Kawu ya ce shi zai biya, na roƙe shi ya bari ya rantse, to ka san manya. Ya sa tabarau ya bi layi-layi, ya tsaya a kan 33 ɗin nan yace ɗan nan wannan kuma me muka ci na dala talatin da uku? Nace Kawu ba abinci ba ne, tif ne, kuɗin sabis na yarinyar nan, idan mutane sun kai shida ko fiye gidajen abinci da yawa a nan da kansu suke sakawa a bil. Ya cire tabaran ya dube ni, yace tukwici kake nufi? Nace eh kusan haka. Yace to tun da nake ban taɓa jin an yanka wa mutum tukwici ba, tukwici ai ganin dama ne, wanda aka kawo wa abu shi ke duba aljihunsa ya sallami ɗan aike.

Kuma wallahi ban ga laifinsa ba, don ni ma haka na zo da ita. A gida in ka ci abinci ka ji daɗi sai kace yaro riƙe canjin, ko ka miƙa masa na goro a ɓoye, in ba ka bayar ba babu wanda zai ce ka ci haƙƙinsa, albashinsa yana kan mai gida komai ƙanƙantarsa. Ko manyan otal na Abuja da Legas da ke saka kuɗin sabis a bil ban da harajin VAT na kashi 7.5, mutum ya san na otal ne ya biya ya tafi. Watana na farko a ƙasar nan na ci abinci a wani waje na biya daidai abin da aka rubuta na yi godiya na fita, ni a ganina na kyauta. Sai bayan kwanaki wani abokin karatuna da ya taɓa aikin ya zaunar da ni ya yi min lissafi, abin ya tsaya min a rai sosai, har sai da na koma wajen na nemi yaron na ba shi abin da ya kamata in bayar.

Ga lissafin kamar yadda na yi wa Kawu a teburin. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayyar Amurka dala 7 da senti 25 ne a awa, tun 2009 yake nan bai motsa ba. Amma doka ta yarda mai gidan abinci ya biya ma'aikacin da ke samun tif dala 2 da senti 13 kacal a awa, a kan cewa tif zai cike sauran, kuma wannan 2.13 ɗin tun 1991 take a haka, fiye da shekara 30. Texas kuma, jihar da Houston take ciki, wannan tsarin na tarayya take bi. Wato yarinyar nan in ta yi awa takwas a tsaye, abin da zai iya fitowa daga aljihun mai gida dala 17 ne da senti 4, bai kai kuɗin karahi ɗaya da ta ɗauko mana ba. Doka tace in tif bai kai ta 7.25 a awa ba mai gida ya cika mata, to amma ko an cika ɗin, 7.25 me za ta yi wa mai biyan haya a Houston? Sannan ba ita kaɗai ke cinye tif ɗin ba, a yawancin wurare in an tashi sai ta cire kaso ta ba masu kwashe faranti da goge teburi, in waje ne mai sashen abin sha a ba na can ma nasa, kuma sau da yawa da yawan cinikin da ta yi ake lissafa wannan kason, ba da tif ɗin da ta samu ba. Ka ga kenan teburin da ya ci na dala 200 ya tashi bai bar komai ba, ba rashin samu kawai ta yi ba, daga nata za ta cire ta biya wasu.

Kawu ya yi shiru yana juya kofin shayinsa. Can yace to ai wannan zalunci ne, mai gida ya ɗora wa baƙo albashin yaransa. Nace Kawu ku ne da gaskiya, kuma Amurkawan ma da yawa haka suke cewa. Akwai jihohin da suka hana wannan ragin, kamar Kalifoniya da Washington da Oregon da Nevada da Minnesota, can dole a biya cikakken mafi ƙarancin albashi tif ya zo a kai. Akwai wani babban mai gidajen abinci a New York, Danny Meyer, a 2015 ya soke tif a gidajensa ya ƙara kuɗin abinci don ya biya ma'aikata da kansa, amma a 2020 ya dawo da tif ɗin, abin ya riga ya yi saiwa. Asalinsa ma ba mai daɗin ji ba ne, bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865 aka 'yanta bayi, kamfanin jirgin ƙasa na Pullman ya ɗebi baƙaƙen fata aikin hidimar fasinja a kan albashi ɗan kaɗan, sauran su nema a hannun matafiya. Ni ma ba na son tsarin, na fi son yadda Faransa ke yi kuɗin sabis yana cikin farashi ka ga abin da za ka biya tun a menu, ko Japan da ba a san da tif ba sam. Amma in na hana don in nuna fushina, mai gidan ko a jikinsa, ya riga ya karɓi kuɗin karahinsa cif, ita ce za ta koma gida da ciwon ƙafa hannu wayam. Hajiya ce ta raba gardamar, tace Alhaji ai an ce a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, ka dai ga yadda yarinyar nan ta yi da kai. Kawu ya miƙa kati.

To a nan ne ƙorafina yake, kuma shi ya sa ba zan ba gidan nan tauraro biyar ba. Da aka dawo da kati da takardar sa hannu, sai ga wani layin tif a buɗe fayau, a ƙasansa an buga shawara wai kashi 18, kashi 20, kashi 22, kuma da na duba lissafin a kan jimlar 234 aka yi shi, wato har da haraji da 33 ɗin da aka riga aka cire. Babu inda aka rubuta a wannan takardar ta biyu cewa an riga an saka kuɗin sabis. Kawu da ya gama gamsuwa ya ɗauki biro zai rubuta kashi 20 a kai, da ban riƙe hannunsa ba da ya biya kusan dala 80 kuɗin sabis kaɗai. Yanzu baƙon da Turancinsa bai yi ƙarfi ba, ko dattijon da idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa, ko wanda yara suka dame shi yana sauri ya fita, sau nawa aka ci irin wannan kuɗin? A menu an rubuta maganar mutum shida ɗin, na koma na duba, amma can ƙasan shafin ƙarshe ne da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ita yarinyar da na kira ta na tambaya ba ta ɓoye ba, nan take tace an riga an saka, ba sai mun ƙara ba sai in mun so. Amma bai kamata sai an tambaya ba, injin ne ke buga takardar kuma manaja ne ya saita injin, gyaran minti biyar ne in suna so.

Na kuma yi mata wata tambayar da nake ba kowa shawara ya riƙa yi, nace wannan kashi 18 ɗin hannunki yake zuwa? Dalili kuwa a dokar ƙasar nan akwai bambanci. Tif ɗin da ka bayar don ganin damarka na ma'aikata ne, tun 2018 doka ta fito ƙarara ta hana mai gida ko manaja taɓa shi. Amma wanda aka saka maka dole a bil ba a lissafa shi a matsayin tif, kuɗin gidan ne, su ke da ikon yadda za su raba. Ko sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 da ta ɗauke wa ma'aikata harajin kuɗin shiga na tarayya a kan tif har dala 25,000 a shekara, wanda aka bayar da son rai take nufi, na dole bai shiga ba. Tace a gidansu ana ba su, ana cire na masu kwashe kwano. Na yarda da ita. Duk da haka Kawu ya zaro dala 10 daga aljihun gaba ya naɗe ya ba Hajiya ta danƙa mata a hannu, yace wancan na bil albashi ne, wannan shi ne tukwicin.

Zuwana na uku ni da maiɗakina ne kawai ranar Talata, waje shiru babu layi, minti 15 abinci ya fito, karahin yana nan yadda na san shi. Da yake mu biyu ne ba a saka komai ba, abinci dala 52, na bar dala 10 da 'yan kai, kashi 20 kenan. Wanda lissafi ke ba shi wahala ga dabara mai sauƙi a Houston, duba kuɗin harajin da ke rasit ka ninka shi biyu, ya ba ka kashi 16 da rabi, sai ka ɗan ɗora wani abu a kai. Abin da aka saba yanzu a wajen da ake zaunar da kai a yi maka hidima kashi 18 zuwa 20 ne, 15 shi ne ƙasa, kuma a kan kuɗin abinci kafin haraji za ka iya lissafawa babu wanda zai ga laifinka. Masu zama a kantar abin sha, ko lemo ka sha, dala ɗaya ko biyu ake ajiyewa a kan kowane kofi. Wani yaro ne ya yi mana sabis ranar, bai kai ta kula ba, sai da na ɗaga hannu sau biyu kafin a kawo ruwa, amma ban rage masa ba don na ga shi kaɗai ne a falon gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe da ya ɗan sosa min rai shi ne wajen kashiya. Na tsaya sayen naan guda shida na tekawe zan kai wa Hajiya, sai aka juyo min da sikirin, kashi 18, 20, 25, maɓallin babu tif ɗan ƙarami a lungu, mai kashiya kuma yana tsaye yana kallon yatsana. A nan kam ba dole ba ne, ba wanda ya zaunar da kai ko ya kawo maka ruwa, kar kunya ta sa ka danna abin da ba ka yi niyya ba. Ni na danna wajen rubuta adadi na sa dala 2 saboda mutumin nan na bakin tanderu da ke zura hannu cikin wuta tun rana.

Tauraro huɗu na ba su cikin biyar. Ku ci karahin akuya da nihari, ku yi odar naan fiye da yadda kuke tsammani, biriyani in an samu wani ya biya, kebab a bar wa masu son gishiri. Akwai ɗan wajen sallah a baya kusa da kicin, da darduma uku, mata sai dai su jira maza su gama. In kun kai shida ku karanta takardar farko layi-layi kafin ta biyu ta zo, ku ɗan riƙe tsabar kuɗi a aljihu saboda wanda ya yi muku hidima. Kawu zai dawo ganin likita bayan wata shida, ya riga ya ce daga filin jirgi Hillcroft za mu wuce, kuma a nema masa teburi a ɓangaren yarinyar nan.